Ranar da Gayyarmu Ta Bi Salula

Muttaƙa taubashina ne. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, don haka ina da izinin faɗar abin da na ga dama a kansa tun ranar da aka raɗa masa suna, kuma yau zan yi amfani da izinin nan har ƙarshensa.

Wata huɗu ya yi a Yamai yana gadin ƙofar wani buro da ake gyaran kwamfuta a ciki. Bai taɓa shiga ciki ba sai ranar da aka ce ya fito da kujeru. Amma da ya dawo garinmu, nan gefen Dogarawa, ya dawo da tabarau marar magani, da biro uku a aljihun gaba, da sunan Injiniya wanda shi ya raɗa wa kansa tun a cikin mota. Ko lokaci ka tambaye shi, sai ya fara da "mu can Yamai" kafin ya duba agogo.

Gonar da yake nomawa a bakin kwalta ba tasa ba ce. Ta surukinsa ce, Alhaji Mutari na Badaguishiri, wanda ya ba shi aro albarkacin 'yarsa Uwani. Bara, ana gama noman farko Muttaƙa ya hau mota ya bar ciyawa ta cinye hatsin. Bana sai Alhaji ya aiko da saƙo gajere: ranar Asabar zai zo ya duba, in ya tarar da ciyawa zai karɓi gonarsa. Ciyawar kuwa ta riga ta yi tsawon da in akuya ta shiga, kunnuwanta kaɗai ake gani.

Mu a garinmu gayya muke yi. Gida goma sha biyu, maza talatin, kowace rana gonar gida ɗaya, mai gona ya dafa abinci ya kira makaɗi. Jerin kuwa yana jikin wata igiya da Baba Chindo Sarkin Noma ke ajiyewa. Kowane gida yana da ƙullinsa da ɗan tsumma a jiki, kuma duk shekara juya igiyar ake yi, wanda ya fara bara shi ne na ƙarshe bana. Safiyar Juma'a ce kaɗai ba ta kowa ba. Wannan Baba Chindo ke ɗaura mata ƙulli na daban saboda gidan da ya shiga matsi, kuma ba ya faɗar ko wane gida ne sai an tashi aiki ranar Alhamis, don kada a kunyata mutum. Bara da gonar Muttaƙa aka fara. Bana ke nan shi ne a wutsiya, sai bayan kusan mako biyu, ga Alhaji yana zuwa Asabar.

Mai hankali hauya zai ɗauka ya fara da kansa. Muttaƙa biro ukunsa ya gyara ya nufi lakwal, wato makarantar boko. Na bi shi, domin in Muttaƙa ya yi irin wannan tafiyar ka bar shi shi kaɗai, kai ka yi asarar kallo.

Mun tarar da Madam Saratou, malamar da aka turo mana daga Damagaram, tana zaune a inuwa da wata tsohuwar kwamfuta da aka ɗaure murfinta da salatif. Tana rubuta darasin gobe, fararen haruffa a kan baƙin allo, babu hoto babu ado.

"Madam, wagga ordinata ai ta mutu tun ina Yamai," in ji Muttaƙa.

"An ce a yar da ita," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Na sa mata Linux, ta tashi. Duk darussana na shekara shida suna ciki, rubutu zalla."

Ta nuna mana wani shafi da ita da malamai na Malbaza da Illela suke rubutu tare a kansa, kowa daga inda yake. Ta ce manhajar ba ta kamfani ɗaya ba ce. Mutane ne daga ko'ina suka haɗu suka gina ta suka bar ta a buɗe, wanda ya iya ya leƙa cikinta ya gyara, kuma ba sayarwa ake yi ba.

"Gayya ke nan," in ji Muttaƙa.

"Kusan haka ne."

Na ga idonsa ya yi haske a bayan tabarau, na san an gama da mu. Nan take ya roƙe ta ta buɗe masa shafi irin wannan a salularsa. Ta buɗe, ta ba shi adireshi biyu.

"Wannan na karatu ne, shi za ka ba jama'a. Wannan na rubutu ne, ka riƙe shi kai kaɗai. Duk mai rubutu yana da launinsa. Sannan ka sani, shafin ba ya mantuwa, ko abin da ka goge yana—"

"Madam," ya ɗaga mata hannu, "mu can Yamai da irin wanga mu ka karin kumallo."

Ya zaɓi launi kore, ya sa suna Injiniya, muka fito.

Ranar Lahadi aka taru a gindin tsamiya don a ji jerin bana. Baba Chindo bai gama zaro igiya daga aljihu ba Muttaƙa ya miƙe. Ya yi jawabi mai tsawo a kan duniya ta ci gaba, jirage suna tashi babu direba, mu kuwa muna nan muna bin tsumma.

"Igiyag ga shekara arba'in tana aiki," in ji Baba Chindo. "Ba ta taɓa neman sharji ba."

"In ɓera yac ci ta fa, Baba?"

"In rezon salula yat tahi fa?"

"Rezo shina komowa. Abin da ɓera yac ci ba shi komowa."

Samari suka yi dariya suka tafa masa, su da ma duk abin da za a yi a salula suna so. Muttaƙa ya ga ya samu iska, sai ya ƙara da sharaɗi: daga yau abin da shafi ya ce shi ne doka, ko Sarkin Noma ba shi da ikon sake shi. Ya nace sai an shafa fatiha a kan haka, aka shafa.

"To, bari in karanto maka igiya ka rubuta," in ji Baba Chindo. "Akwai ƙulli guda da nike so mu yi magana bisa nai, ni da kai—"

"Huta, Baba. Jerin bara na a juye, ko jinjiri ya san shi."

Baba Chindo ya naɗe igiyarsa ya mayar aljihu. Muttaƙa ya rubuta gidaje goma sha biyu daidai yadda suke, Lawali ranar Alhamis a sama, shi a ƙasa, har mutane suka yaba da adalcinsa. Sannan ya tashi tura adireshi a zauren Watsap na gari. Adireshin karatu ba ya nuna sunan kowa. Na rubutu kuwa yana nuna Injiniya da kore a kusurwa. Kai ma ka san wanda ya tura.

Litinin da hantsi ya shige ɗaki, ya ɗauke sunansa daga ƙasa ya kai sama, ya tura Lawali wutsiya. Ina zaune a tsakar gidansa ina shan fura lokacin da ya fito yana murmushi.

"Malam," in ji Uwani, "na so in hwaɗa maka, na je wurin Baba Sarkin Noma—"

"Zancen igiya ya wuce, Uwani. Ki jiƙa hatsi. Ran Alhamis gayya gonata za ta. Bunsurun nan za mu yanka."

"Bunsurun da Baba yab ba ni?"

"Maza talatin za su ci tuwo gaya, a gidan Injiniya?"

Uwani ta koma kan aikinta. Mace ce mai haƙuri, kuma ta san in mijinta ya hau magana babu inda ake tsayar da shi. Ni dai a ranar tausayinta na ji ƙwarai.

Lawali ƙato ne marar yawan magana, kuma shekara guda yana jiran ranar da za a fara da gonarsa. Da azahar ya duba salula ya ga kansa a ƙasa. Don haushi ya danna sunansa da babban yatsa, sai ga madannan rubutu sun taso. Ya goge, ya gogu. Ya rubuta, ya rubutu. Ya mayar da kansa sama, ya je ya gaya wa Bello maƙwabcinsa, wanda shi ma nan take ya tuna cewa ciyawarsa ta fi ta kowa gaggawa. Kafin la'asar labari ya kai rumfar Ilyasu mai cajin salula. Duk wanda bai iya boko ba sai ya je can da goro ɗaya, Ilyasu ya ɗaga shi sama. Ilyasu bai hana kowa ba, kuma bai gaya wa na baya cewa na gaba ya riga shi ba.

Talata da safe Muttaƙa ya zo teburin mai shayi, aka nuna masa gida bakwai a ranar Alhamis.

"Ɗan ƙaramin virus na," ya ce, ya gyara tabarau. "Daga Najeriya su ka shigowa, iyaka ta yi kusa."

"Virus ɗin ya san sunan Bello?" na tambaye shi.

"Kai Rabo, abin da ba ka karanta ba kar ka sa baki."

Ya share komai ya sake jerawa. Na ga sunan wa ya sa a sama, amma na taubashi ido ne. Kafin shayinsa ya huce Lawali ya koma sama. Ya sake gyarawa, Bello ya hau. Daga nan mutane suka gane ba suna kaɗai ake iya rubutawa ba. Wani ya sa a gaban sunan Bello cewa bara miyarsa ruwa ce da gishiri. Matar Bello ta je rumfar Ilyasu ta sa aka rubuta amsa mai layi biyar. Wani ya sa cigiyar jakinsa, fari mai yankakken kunne. Adireshin ya fita gari, wani mutumin Konni ya shigo ya sa tallar tayoyin babur, wani daga ƙauyen da ba mu taɓa ji ba ya sa gonarsa ranar Talata ya kuma yi mana godiya tun kafin mu zo. Shafin ya cika da launuka har ba a iya kallonsa a rana.

Laraba Muttaƙa ya yanke shawarar kawo ƙarshen abin. Ya tara mu a ƙofar gidansa ya ce mu shaida. Ya juya mana baya, ya sa "Alhamis: gonar Injiniya Muttaƙa, bakin kwalta" a sama, ya kashe salular, ya cire sim, ya naɗe ta a tsumma, ya hau rumbu ya tura ta cikin damman gero, ya rufe.

"Na kulle lis," ya ce, yana nufin jerin, yana kakkaɓe hannu. "Wanda ka son shi taɓa shi, sai shi hwasa rumbuna."

Ya ɗauka shafin a cikin salularsa yake kwana. Ni da nake tsaye da tawa a hannu ina kallon sunan Lawali yana hawa kan nasa. Na so in gaya masa, Allah ya sani na so. Amma an ce kar in sa baki a abin da ban karanta ba.

A yinin nan gida huɗu kowanne ya ga sunansa a sama a lokacin da ya duba, kowanne ya jiƙa hatsi. Muttaƙa ya yanka bunsurun Uwani.

Alhamis da sassafe muka taru a mararraba da hauyoyinmu, Sadiƙu makaɗi ya rataya gangarsa. Masu gona huɗu kowa yana gonarsa yana jira, matansu kuwa sun yi layi a rumfar Ilyasu. Aka ce ni zan riƙa karanta shafi. Na duba.

"Lawali."

Sadiƙu ya saki kiɗa muka nufi gabas. Hanyar gabas ta kan kwalta take bi, ta gaban gonar Muttaƙa. Ya hango mu, ya miƙe, ya buɗe murfin tukunya, ƙamshin nama ya tare hanya.

"Sannu da aiki, Injiniya," muka ce, muka wuce.

Muna hango bishiyar gonar Lawali wani ya ce in sake dubawa, kada a saɓa fatiha. Na duba.

"Bello."

Gonar Bello tana yamma. Aka ɗan yi gardama, wasu suka ce mun riga mun iso. Sadiƙu ya ce shi da bakinsa ya shafa fatiha, kuma ba zai kaɗa wa gonar da shafi bai ce ba. Gaskiyar magana, tafiya da kiɗa ta fi noma daɗi, kuma duk mun san haka. Muka juya. Lawali yana tsaye a gonarsa yana kallon ƙeyoyinmu.

Muka sake biyowa ta gaban Muttaƙa. Ya sake miƙewa, ya sake buɗe tukunya, wannan karon har da shimfiɗa tabarma.

"Sannu da aiki, Injiniya."

Ba mu kai gonar Bello ba shafi ya ce gidan Ɗalha, can kudu. Ba mu kai kudu ba ya ce Lawali. A zagaye na uku Muttaƙa ya biyo mu a guje, takalmi ɗaya a hannu.

"Ina za ku? Gonata anka rubuta. Ni nak kulle lis ɗin da hannuna, shina cikin rumbu."

Na miƙa masa salulata. Ya duba sama bai ga kansa ba, ya ja ƙasa, ya ja, ya ja. Sunansa yana can ƙarƙashin cigiyar jaki.

"Wa yab buɗe mani rumbu?" ya ce.

Rana ta take tsaka ba mu cire ciyawa ko ɗaya ba, mun zagaye gari sau huɗu, ƙafafunmu sun yi futu-futu. Muna tsaye a bakin kwalta Muttaƙa yana rantsuwa sai ya kai ƙarar ɓarayin rumbu wurin jandarma, sai ga taksin Badaguishiri ta tsaya. Wani dattijo ya sauko da sanda da farar hula. Muttaƙa ya zube ƙasa ya durƙusa.

Alhaji Mutari ne. Adireshin ya kai har zauren Watsap na 'yan albasan garinsu, ya karanta jiya cewa yau za a yi gayya a "gonar Injiniya Muttaƙa", shi ne ya ce bari ya zo ya ga wannan Injiniya da ya yi gona a daidai inda tasa take. Ya tsaya ya dubi ciyawa, ya dubi maza talatin da hauyoyi masu tsabta, ya dubi surukinsa a durƙushe. Sannan ya ce, "Ina wuni."

Aka koma gindin tsamiya, gari duka. Mata suka kawo tukwanen gida huɗu suka dire, kowacce fuska a murtuke. Aka zuba wa Alhaji nama a kwano saboda baƙo ne. Lawali, wanda a shekara ba ya magana goma, ya yi ashirin a tsaye. Baba Chindo ya ce Muttaƙa ya yi bayani.

Ya ce virus ne. Ya ce rezo ne. Ya ce akwai masu baƙin ciki da ci gaba, kuma ya san su. Da ya ga babu wanda ya gyaɗa kai, sai wata magana ta Madam Saratou ta faɗo masa, rabinta kawai.

"A kira Madam. Shafin ga ba shi mantuwa. Yau za a ga wanda yaf fara taɓa lis, a kunyata shi gaban jama'a."

Aka kira ta. Ta zo da tsohuwar kwamfutarta, aka kifa turmi ta ɗora. Ta tambaye shi ko ya tabbata yana so a duba.

"Ni ba ni da ɓoyo, Madam."

A saman shafin akwai wani ɗan layi da ake ja baya, rubutun ya koma yadda yake jiya, shekaranjiya, har ranar farko. Ta ja shi har Lahadi. Ga jeri nan tsaf, Lawali a sama. Ta matsa gaba kaɗan.

"Litinin da hantsi," ta karanta. "An ɗauke suna na ƙarshe an kai sama. Launi kore."

Babu wanda bai san mai kore ba, kwana huɗu yana nuna mana shi.

"Kore ai iri-iri na," in ji Muttaƙa.

"An rubuta Muttaƙa," ta ci gaba. "An goge, an sa Injiniya Muttaƙa. An goge, an sa Babban Injiniya. An goge Babban."

"Wanga tawali'u na," in ji Sadiƙu, jama'a suka fashe da dariya.

Madam ta matsa gaba, sai ta tsaya. Ta ce akwai wani rubutu da aka yi a ƙasa aka goge bayan minti uku, kuma a ganinta ba sai an karanta ba, ba jeri ba ne. Muttaƙa ya yi zaton ta kai kan amsar matar Bello, ya ga ƙofar tsira.

"A karanta. Duka. Kowa shi ji abin kunyatai."

Ta dube shi, ta dubi Uwani da ke tsaye bayan mata, ta sauke murya ta karanta. "Abin da zan gaya wa tsohon ranar Asabar. Ɗaya, ni kaɗai na nome ta, kwana uku ba hutu. Biyu, in ya tambayi bunsuru, kura ta ɗauke shi. Uku, in ya ji daɗi, a roƙe shi gonar fadama ita ma." Ta ɗago. "Launi kore."

 A garinmu suruki ko ido ba ka haɗawa da shi, balle a ji ka kira shi tsohon a tsakiyar gari. Muttaƙa ya cire tabarau ya mayar, ya sake cirewa. Alhaji Mutari ya gama tauna abin da ke bakinsa a hankali, ya ɗago wata tsoka daga kwano ya juya ta.

"Rabon da a ga kura a Dogarawa tun ina yaro," ya ce. "Amma wagga ta iya sa yaji."

Wasu har kwanciya suka yi. Matar Bello ta manta da fushinta ta riƙe ciki. Uwani kaɗai ba ta yi dariya ba, ta ja gyale ta rufe fuska, kuma daga nan tawa dariyar ta ragu.

Da aka lafa, Baba Chindo ya sa hannu a aljihu ya zaro igiya. Ya warware ta a hankali har ya kai wani ƙulli da ke gefe shi kaɗai, da ɗan tsumma shuɗi a jiki.

"Yau Alhamis, an tashi aiki, ko da ba a yi shi ba," ya ce. "Ga ƙullin Juma'a. Tun makon jiya ɗiyag ga Uwani taz zaka ta durƙusa gabana, ta yagi bakin zanenta tab ba ni. Na so in hwaɗa maka a keɓe ran Lahadi, kac ce in huta. Da ka bar igiya inda take, gobe da hantsi maza talatin na cikin gonag ga, Alhaji shi zo Asabar shi iske ta tas, bunsuru kuma shina nan shina kuka."

Muttaƙa ya dubi tsumman, ya dubi bakin zanen matarsa. Na ɗauka yau dai bakinsa ya mutu. Ina.

"To ai ba a makara ba," ya ce, murya ta fara dawowa. "Gobe Juma'a. Da ma tsarin da nay yi ke nan, in an lura."

"Na ce in na iske ciyawa in amshi gonata," in ji Alhaji. "Na iske. Na amsa." Ya ajiye kwano ya wanke hannu. "Uwani, matso. Daga yau gonab bakin kwalta taki ta. Ba aro ba."

"Ƙulli da ma da zanenta anka ɗaure shi," in ji Baba Chindo. "Gobe gonar Uwani za mu."

Aka shafa wata fatihar ta warware ta Lahadi, aka mayar wa Lawali ranar Asabar, sannan muka zauna muka cinye tukunya huɗu, mu da ba mu yi noman komai ba.

Shafin bai mutu ba. Uwani ta yi lakwal har aji shida kafin a yi mata aure, abin da mijinta bai taɓa ambata ba. Da la'asar ta bi Madam Saratou, aka buɗe mata sabon shafi, ta saurari bayani har ƙarshe ba ta katse ba. Ta je ta zauna gaban Baba Chindo ya karanto mata igiya ƙulli bayan ƙulli ta rubuta, ta tura mana adireshi ɗaya ta riƙe ɗayan. Baba Chindo ya ce igiyarsa tana nan daram, amma babu laifi ta samu 'yar rakiya.

Juma'a da hantsi muka shiga gonar. Muttaƙa ya zo da biro ukunsa ya ce shi zai tsaya a kan tudu ya riƙa tsara aiki. Uwani ta miƙa masa hauya da hannu biyu, cikin ladabi.

"Malam, ga layinka nan kusa da na Lawali."

Kafin a kira salla mun gama da ciyawar kakaf. Muna zaune a inuwa muna shan fura, Muttaƙa yana hura tafin hannunsa da ya yi bororo yana gaya wa samari cewa can Yamai irin wannan hauyar an daina yayinta, sai salulata ta nuna an ƙara rubutu a shafi. Na karanta a fili, tunda aikina ne.

"Juma'a. An nome gonar Uwani, an gama. Lawali layi goma sha tara. Rabo goma sha ɗaya. Injiniya biyu da rabi."

Muttaƙa ya fizge salular daga hannuna. Ya danna kan "biyu da rabi" da babban yatsa. Ya sake dannawa, ya goge allon da rigarsa, ya danna da ƙarfi. Madannan rubutu ba su taso ba. Ya matso kusa da kunnena don kada samari su ji.

"Rabo, ina aka taɓawa a gyara?"

Na nuna masa Uwani, tana can tana tattara ƙwarya.

"Tambayi mai gona."